Wace Tsaraba Za Ka Kai Gida?

Jawabin da aka watsa a filin ibada na rediyo. Mun sake buga shi domin waɗanda ba su sami ji ba.

Karatu: Farawa 39:1-12, Yohanna 9:1-7

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwanmu waɗanda neman abinci ya raba su da gida, masu jin muryata a bakin rami, ko a cikin bukka, ko a ɗakin haya a garin da ba su da kowa. Ubangiji ya kiyaye ku.

Maganarmu ta yau mai nauyi ce, ba irin wadda muka saba yi a gaban jama'a ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za mu yi magana a kan mazajen da suke barin gida su tafi haƙar ma'adinai, da irin zaman da suke yi a can, da kuma cutar ƙanjamau wadda ta bi da yawa daga cikinsu har gida. Zan kai ku ƙasar Afirka ta Kudu, gama a can ne wannan abu ya faru a fili, likitoci kuma suka bi sawunsa suka rubuta.

A shekara ta 1886 aka gano zinariya a wurin da birnin Johannesburg yake a yau. Zinariyar tana da yawa, amma tana can ƙasa da nisa, a warwatse cikin dutse. Sai an fasa dutse mai ɗimbin yawa kafin a sami 'yar kaɗan. Saboda haka kamfanonin suna bukatar leburori da yawa, masu arha kuma. Sai suka buɗe ofisoshin ɗaukar ma'aikata a ƙauyuka masu nisa, a cikin ƙasar da kuma maƙwabtanta: Lesotho, da Mozambik, da Malawi, da Botswana, da Swaziland wadda ake kira Eswatini yanzu. Saurayi yakan dangwala yatsa a takarda, a sa shi a jirgin ƙasa, ya yi wata 9, ko shekara guda, wani lokaci ma fiye, kafin ya sake ganin ƙofar gidansa.

Ga abin da nake so ku riƙe, 'yan'uwa: an ɗauki mijin, ba a ɗauki matar ba. A zamanin mulkin wariyar launin fata, doka ba ta yarda kamfani ya ba fiye da kashi 3 cikin 100 na ma'aikatansa baƙar fata gidan zama da iyali ba. Sauran duka an tara su a bariki na maza zalla, kewaye da shinge. Ɗaki guda yakan ɗauki mutum 12, ko 16, har fiye, gado bisa gado. A tsakiyar shekarun 1980 mutum kimanin 500,000 ne suke aiki a ramukan zinariya na ƙasar, mafi yawansu kuwa irin wannan zama suke yi. Tun daga farkon Littafi Mai Tsarki mun ga Allah ya dubi kaɗaicin Adamu, ya ga bai dace da shi ba, ya yi masa abokiyar zama. Ga shi kuwa 'yan adam sun shirya aikin da ba ya tafiya sai an raba miji da mata, suka kuwa yi ta haka shekara wajen 100.

Yanzu bari mu shiga ramin tare da su. Akwai wani rami mai suna Mponeng kusa da garin Carletonville, yamma da Johannesburg, wanda zurfinsa ya kai kusan kilomita 4. A can ƙasa zafin dutse yakan kai digiri 60, sai da ƙanƙara ake sanyaya iskar da mutane suke shaƙa. A wurare da yawa mutum ba ya iya miƙewa tsaye, a tsugune yake aiki da injin huda dutse, cikin ƙara da ƙura. Dutse yakan rufto ba sallama. Ran 16 ga Satumba, 1986, gobara ta tashi a ramin Kinross, mutum 177 suka mutu. Ran 10 ga Mayu, 1995, a ramin Vaal Reefs, wani ƙaramin jirgin ƙasa na cikin rami ya faɗa bisa akwatin da yake ɗauke da ma'aikata, mutum 104 suka hallaka. Waɗannan su ne manyan da duniya ta ji. Na kullum, mutum ɗaya yau, biyu gobe, ba wanda ya ji sai matansu.

To, mutumin nan ya fito daga rami da yamma, ya yi wanka, ya ci abinci. Ina za shi? Ba mata da za ta ce masa sannu da aiki. Ba yaro da zai hau cinyarsa. Abin da yake jiransa shi ne gidan giya, da kuma matan da suka kafa bukkoki a bayan shinge. Su ma matan nan, kada mu yi saurin jifansu. Yawancinsu daga irin ƙauyukan nan suka fito. Wata mijinta ya mutu, wata ya tafi bai komo ba, ga 'ya'ya suna kukan yunwa, ba gona, ba aiki. Talauci ɗaya ne ya kori namijin da macen daga gida, ya haɗa su a bakin shinge.

Wata malama mai bincike, Catherine Campbell, ta zauna da mahaƙan nan a shekarun 1990, ta saurare su. Abin da ta tarar ya isa mu yi tunani a kai. Mutanen sun ji labarin ƙanjamau, sun san yadda ake ɗaukarta, ana kuma raba kwaroron roba kyauta. Duk da haka da yawa ba su amfani da shi. Me ya sa? Dalili na farko, mutumin da yake ganin dutse zai iya danne shi gobe da safe, ba ya jin tsoron cutar da za ta kashe shi bayan shekara 10. Na biyu, abin da yake ba su ƙarfin halin shiga rami kowace safiya shi ne su ce wa juna, namiji ba ya tsoro. Wannan magana kuwa ita ce take bin su da dare, ta ce namiji ba ya haƙuri da mace, namiji ba ya taka-tsantsan. Na uku, wanda ya fi taɓa zuciyata, shi ne kaɗaici. Mutum ya yi watanni ba wanda ya taɓa shi da ƙauna. Abin da yake nema a bukkar nan ba sha'awa kaɗai ba ce, yana neman ɗumin ɗan adam ne, ko da na dare ɗaya, ko da na kuɗi.

Ashe, ba rashin sani ba ne kaɗai yake kashe mutum. Mutumin da aka nuna masa ransa ba a bakin kome yake ba da rana, da wuya ya tsare ran nan da dare.

A shekara ta 1986 ƙungiyar masu kamfanonin haƙar ta sa aka auna jinin ma'aikata. Aka tarar kusan 4 cikin 100 na mutanen Malawi suna ɗauke da ƙwayar HIV, a sa'ad da ba ta yaɗu sosai a cikin sauran ba tukuna. Me aka yi? Aka daina ɗaukar mutanen Malawi, dubbai suka koma gida ba aiki. Amma barikin yana nan, shingen yana nan, kaɗaicin yana nan. An kori baƙo, an bar ƙofa a buɗe. A 1990, cikin mata masu ciki da aka auna a asibitocin gwamnatin Afirka ta Kudu, waɗanda suke da ƙwayar ba su kai 1 cikin 100 ba. Zuwa shekara ta 2000 sun kai kusan 1 cikin 4. A Carletonville kuwa, awon da aka yi a 1998 ya nuna kusan 3 cikin 10 na mahaƙa suna da ita, kusan 7 cikin 10 na mata masu zaman kansu, da fiye da 1 cikin 3 na matan gari. Cututtukan sanyi da tunjere sun yi yawa a wurin, gyambon da suke kawowa kuwa yana buɗe wa ƙwayar hanya. Ga kuma ƙurar dutse da ta riga ta ɓata huhun mutane, sai tarin fuka ya sami wurin zama, ya yi ta kwasar su.

Ƙwayar nan takan zauna a jikin mutum shekaru da yawa ba wata alama. Mutum yana da ƙarfi, yana fasa dutse, fuskarsa tana sheƙi. Kirsimeti ta zo, ya ɗaure kaya: atamfa domin uwargida, takalma domin yara, bargo domin tsohuwa, rediyo sabuwa. Aka tarye shi da guɗa. Ba wanda ya san akwai wata tsaraba a cikin jininsa, shi kansa bai sani ba. Haka cutar ta hau duwatsun Lesotho, ƙasar da ta taɓa samun fiye da mutum 100,000 a ramukan Afirka ta Kudu, wadda kuma har yau wajen mutum 1 cikin 5 na manyanta suke ɗauke da ƙwayar.

Wani mai bincike, Mark Lurie, da abokan aikinsa sun bi iyalai a karkarar KwaZulu-Natal, suka buga abin da suka gani a 2003. Cikin maza masu tafiya aiki nesa, wajen 26 cikin 100 suna da ƙwayar. Cikin waɗanda suke zaune a gida, wajen 13 ne. Wato ninki biyu. Amma akwai wani abu kuma da ba a zata ba. A cikin gidajen da mutum ɗaya ne kaɗai yake da ƙwayar, kusan gida 1 cikin 3 matar ce take da ita, ba mijin ba. Kun ji, kaɗaici ba a bariki kaɗai yake ba. Matar da aka bari wata 11 cikin shekara, wani lokaci kuɗi ba ya zuwa, ga kuɗin makaranta, ga mai shago yana yi mata murmushi, ita ma tana cikin gwaji. Rabuwa wuƙa ce mai baki biyu.

A nan ne mu masu bi mukan yi tuntuɓe. Da mun ji wani ya kamu, tambayarmu ta farko ita ce, wa ya kawo? Haka almajirai suka yi sa'ad da suka ga mutumin da aka haifa makaho: suna so su san zunubin wane ne, nasa ko na iyayensa. Yesu bai tsaya a kan wannan shari'a ba. Ya ce ba haka ba ne, ya durƙusa ya kwaɓa ƙasa, ya shafa wa mutumin a idanu, ya aike shi ya wanke. Almajirai suna neman mai laifi, Ubangiji yana neman mai bukata. Jaririn da ya sha ƙwayar a nono, wane zunubi ya yi? Matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta fa? Idan kuwa za a yi lissafin laifi, to, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Waɗanda suka ci ribar zinariya, suka hana mutum zama da matarsa, su ma za su ba da lissafi a gaban Allah.

Amma kada wani ya ji wannan ya ce, ashe ba laifina ba ne, bariki ne. A'a, ɗan'uwa. Dubi Yusufu. Yana da shekara 17 aka raba shi da gidan ubansa, aka kai shi Masar a kan tilas. Ba uwa, ba uba, ba wanda ya san sunan gidansu. In akwai wanda yake da hujjar cewa ransa ba shi da daraja, Yusufu ne, gama da kuɗi aka saye shi. Matar maigidansa Fotifar ta yi ta nemansa, ba sau ɗaya ba, kowace rana. Ba mai gani, ba mai kai labari Kan'ana. Me ya riƙe shi? Ya tuna da amanar da aka ba shi, ya kuma san Allah yana Masar kamar yadda yake Kan'ana. Da abin ya matsa, bai tsaya gwada ƙarfinsa ba, ya bar rigarsa ya gudu. Duniya ta ce namiji ba ya gudu. Maganar Allah ta nuna mana namijin da ya gudu, ya tsira da ransa, daga baya kuma ya ceci gidan ubansa duka daga yunwa. Kamfani yana iya ba ka lamba maimakon suna, amma Allah ya san sunanka. An saye ka da tamani mai tsada, jinin Kristi, wanda ya fi dukan zinariyar da take ƙarƙashin Johannesburg.

Muna kuma gode wa Allah, labarin bai tsaya a kan makoki ba. A watan Agusta na 2002 kamfanin Anglo American ya yi shelar zai fara ba ma'aikatansa maganin rage ƙarfin ƙwayar kyauta. A 2004 gwamnatin ƙasar ta fara ba da shi a asibitocinta. Bayan faɗuwar mulkin wariya a 1994, an mai da barikoki da yawa ɗakunan mutum ɗaya ko gidajen iyali, ko da yake har yanzu akwai maza da yawa da suke zaune nesa da matansu. A yau wajen mutum miliyan 8 ne suke ɗauke da ƙwayar a Afirka ta Kudu, mafi yawansu kuma suna shan magani, suna aiki, suna renon 'ya'yansu. Maganin ba ya fitar da ƙwayar daga jiki, amma wanda yake shansa kullum yakan rayu ya tsufa. In ƙwayar ta ragu a jininsa har awo ba ya ganinta, ba ya sa wa matarsa ta wurin kwanciya. Mace mai ciki da take shan magani tana iya haihuwar ɗa lafiyayye. Akwai ma maganin rigakafi domin wanda ba shi da ƙwayar amma abokin aurensa yana da ita.

Wataƙila wani yana cewa, Fasto, ina ruwanmu da Afirka ta Kudu? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kakanninmu sun san zaman bariki a filayen kuza na Jos da Bukuru da Barikin Ladi. A yau kuma samarinmu suna kwarara zuwa ramukan zinariya a Zamfara, da jihar Neja, da Birnin Gwari, har da hamadar Djado a Jamhuriyar Nijar tun daga 2014. A irin waɗannan wurare sau da yawa ba asibiti, ba ikkilisiya, ba dattijo mai tsawatarwa. Kuɗi yakan zo farat ɗaya, rami yakan rufta farat ɗaya. Kaɗaicin ɗaya ne, tsoron ɗaya ne, gwajin kuma ɗaya ne.

Saboda haka ina da magana da mutum huɗu.

Kai ɗan'uwa da kake bakin rami: kada ka daɗe ba ka je gida ba. Manzo Bulus ya gargaɗi ma'aurata a 1 Korintiyawa 7 kada su daɗe a rabe, domin ya san rauninmu. Kuɗin mota bai kai kuɗin magani ba. Ka kira gida kowace rana in da hali. Ka nemi 'yan'uwa biyu ko uku ku riƙa addu'a tare, ku riƙa tambayar juna gaskiya. Ka yi nesa da giya ranar biya, gama ita ce take kwance wa mutum ɗamara. In kuwa ka riga ka faɗi, akwai gafara a wurin Yesu, ba shakka. Amma tuba ta gaskiya tana bi ta ƙofar asibiti. Ka je a auna jininka, ka sake awo bayan wata 3, domin ƙwayar ba ta bayyana nan da nan. Kafin ka tabbata, ka yi amfani da kwaroron roba da matarka. Nufin Allah shi ne aminci cikin aure, wannan ba ya sakewa. Amma wanda ya yi zunubi ɗaya kada ya ƙara da na biyu, wato ya sa ran matarsa da na 'ya'yansa cikin hatsari domin yana jin kunya.

Ke 'yar'uwa da kike gida: Ubangiji yana ganin wahalarki. Ki tsare kanki. In bukata ta matsa miki, ki faɗa wa ikkilisiya kafin ki faɗa wa mai shago. Sa'ad da maigida ya komo, ba raini ba ne ki ce, mu je a auna mu tare. Kai kuma maigida, in ta faɗi haka, kada ka ɗaga murya. Mace mai hikima ce Allah ya ba ka.

Ku masu ramuka da masu ɗaukar lebura, musamman ku da kuke zama a kujerun gaba ran Lahadi: ku ba ma'aikatanku hutun zuwa gida, ku biya su a kan lokaci. Kada ku kai 'yan mata ƙanana bakin rami da sunan sayar da abinci ba mai lura da su.

Ke kuma ikkilisiya: mutum nawa ne daga cikin membobinki suke daji a yanzu? Kin san sunayensu? Dattawa su rubuta su, a riƙa kiransu, a aika mai bishara ya ziyarce su. Zumuntar Mata ta riƙa leƙa matan da aka bari, da hatsi a hannu, ba da tsegumi a baki ba. In wani ya komo da ciwo, kada a ja kujera nesa da shi. Ba a ɗaukar ƙwayar nan ta wurin gaisuwa, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko cizon sauro, ko ƙoƙon Jibin Ubangiji. Kada kuma wani ya ce wa mara lafiya ya zubar da magani domin an yi masa addu'a. Mu yi addu'a, mu kuma tuna masa lokacin shan magani. Tsoron bakin mutane ne yake hana da yawa zuwa awo, bakin nan kuwa sau da yawa namu ne.

Ɗan'uwa, ranar komawa gida tana zuwa. Yara za su sheƙo a guje su karɓi jakarka. Atamfa za ta tsufa, takalma za su ƙare. Tsarabar da iyalinka suka fi bukata ita ce kai kanka, da gaskiya a bakinka, da sanin matsayin lafiyarka. Wace tsaraba za ka kai gida?

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, kai da ka kasance tare da Yusufu a baƙuwar ƙasa, ka kasance tare da 'ya'yanka da suke cikin ramuka a wannan dare. Ka tsare su daga ruftawar ƙasa, ka tsare su daga gwaji. Ka ta'azantar da matan da suke jira, da gwauraye, da marayu. Ka ba wanda yake jin tsoron awo ƙarfin hali, ka ba mai shan magani naciya. Ka gafarta mana inda muka nuna yatsa maimakon mu miƙa hannu. Ka komo da kowa gidansa lafiya. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.